Henry Walter Bates (1825–1892): Rayuwarsa da Bayaninsa a Kan Aron Kama a Wurin Malam-Buɗe-Littafi da Tsutsarsa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Henry Walter Bates, Baturen Ingila wanda ya tashi yana koyon sana'ar safa, bai shiga jami'a ba, amma ya shafe shekara 11 a dazukan Amazon yana tara ƙwari, har ya zama na farko da ya kawo gamsasshen bayani a kan dalilin da ya sa wasu ƙwari marasa makami suke ɗaukar kamannin masu ɗaci ko masu dafi. An bi tarihinsa daki-daki, tare da mayar da hankali ga abin da ya gani game da malam-buɗe-littafi da tsutsarsa. Daga ƙarshe an ɗora bayanin nasa a kan wasu ƙwari uku da ake samu a Gidan Goga da sauran garuruwan Maradun da Bakura da Talata Mafara, domin a nuna cewa abin da ya tsallaka teku kafin ya gani yana nan a bayan gidan Bahaushe.

Fitilun Kalmomi: Bates, aron kama, malam-buɗe-littafi, tsutsa, tumfafiya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkarar Zamfara ya san tumfafiya. Tana fitowa a gefen hanya da kufai da saurar da aka daina nomawa, kuma dabbobi ba su cika kula ta ba saboda farin ruwanta mai ɗaci. Wanda ya tsaya ya ɗaga ganyenta, musamman da damina ko kaka, yana iya cin karo da wata tsutsa mai zane fari da baƙi da rawaya, tana cin ganyen a fili da rana tsaka, ba ta ɓuya ga kowa. Idan kuma ya shiga lambu ya duba sabon tohon lemun tsami, yana iya ganin wani abu baƙi-baƙi mai ɗigon fari da zai ɗauka kashin tsuntsu ne, sai ya taɓa shi ya ga ya motsa. Dukansu biyu 'ya'yan malam-buɗe-littafi ne, kuma dukansu biyu abinci ne mai laushi ga tsuntsu da ƙadangare. Ɗaya ta tsira ta hanyar bayyana kanta, ɗaya ta hanyar zama kamar abin da ba a ci.

Bahaushe ya daɗe da sanin dabarar sauya kama. Mafarauci yakan ɗaura kan burtu a goshinsa ya sunkuya, namun daji su ɗauka tsuntsu ne har ya matso kusa da su, daga nan ne ma aka samo maganar shigar burtu. Bambancin kawai shi ne mafarauci yana shigar burtu don ya kama, ƙwaro kuwa don kada a kama shi. Haka nan mafarauci da niyya yake yi, shi kuwa ƙwaro da kamar aka haife shi. To yaya aka yi ƙwaron da bai san kansa ba ya zo da kamar wani daidai wa daida? Mutumin da ya fara amsa wannan tambaya da hujjojin da ya tattara da hannunsa shi ne Henry Walter Bates.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Bates a birnin Leicester da ke tsakiyar Ingila ranar 8 ga Fabrairu, 1825, wato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shekara ɗaya bayan zuwan Clapperton Sakkwato karo na farko. Mahaifinsa mai sana'ar safa ne, wadda ita ce babbar sana'ar garin a wancan lokaci. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta, aka danƙa shi ga wani mai wannan sana'a domin ya koya, yana aiki tun daga safe har bayan faɗuwar rana. Da dare yakan halarci wata makaranta da aka buɗe domin ma'aikata, inda ya ƙara karatu da ƙoƙarin kansa. Ranakun hutu kuwa a dajin Charnwood da ke kusa da garin yake ƙare su, yana ɗaga duwatsu da ɓawon itatuwa yana tsintar ƙwari dangin buzuzu. A 1843, yana ɗan shekara 18, wata mujallar nazarin dabbobi ta buga masa gajeren rubutu a kan waɗannan ƙwari.

A 1844 ya haɗu da Alfred Russel Wallace, wani matashi da ya zo koyarwa a wata makaranta a Leicester. Bates ne ya nuna masa tarin ƙwarinsa, ya jawo shi cikin harkar. Su biyun ba masu hali ba ne, kuma a Ingila ta wancan zamani nazarin halittu sha'ani ne na masu dukiya da limaman coci da likitoci. Sai dai akwai kasuwa: gidajen adana kayan tarihi da attajirai masu sha'awa suna sayen busassun ƙwari da tsuntsayen ƙasashe masu zafi. Bayan sun karanta labarin tafiyar wani Ba'amurke mai suna William Edwards a kogin Amazon, wanda aka buga a 1847, sai suka yanke shawarar su je can su tara, su sayar, su ci da kansu, su kuma nemi hujjoji a kan tambayar da ta dame su, wato yadda jinsunan halittu suke bambanta da juna. Suka sami dillali a Landan mai suna Samuel Stevens, wanda zai riƙa karɓar kayan yana sayarwa yana aiko musu da kuɗi.

3.0 Shekara 11 a Amazon

Sun tashi daga Liverpool a watan Afrilu na 1848 cikin wani ƙaramin jirgin ruwa na 'yan kasuwa, suka sauka a Pará, wato Belém ta yanzu a ƙasar Birazil, a ƙarshen watan Mayu. Bates yana da shekara 23. Abin da ya tarar ya wuce tsammaninsa. Bisa ƙirgen da ya yi, a tafiyar sa'a ɗaya daga garin ana iya samun jinsunan malam-buɗe-littafi kusan 700, alhali duk tsibiran Birtaniya a saninsa 66 ne kawai. Bayan sun yi tafiya tare a kogin Tocantins, abokan biyu suka rabu domin kowa ya kama yankinsa. Wallace ya nufi kogin Negro, shi kuwa Bates ya bi babban kogin ya yi yamma.

A 1850 ya isa Ega, wadda ake kira Tefé a yau, wani ƙaramin gari a can cikin daji. Shekarar farko a nan ta yi masa tsanani. Kuɗi suka yanke, wani baransa ya sace ɗan abin da ya rage, takalmansa suka mutu har ya koma yawo ba takalmi, ga kaɗaici da rashin littafin karantawa. Ya koma Pará a 1851, ya tarar da annobar zazzaɓin shawara. Ya yi jinyar Herbert, ƙanen Wallace, wanda cutar ta kashe, shi ma ta kama shi amma ya tashi. Duk da haka bai koma gida ba. Kuɗi sun iso daga Stevens tare da labarin cewa kayansa sun sami karɓuwa, sai ya sake juyawa cikin daji. Ya zauna a Santarém fiye da shekara 3, ya bi kogin Tapajós a 1852, sannan ya koma Ega a 1855. A shekarun da Heinrich Barth yake ratsa Katsina da Zurmi da Wurno yana rubuta labarin garuruwa da sarakuna, Bates yana can yana rubuta labarin ƙwari.

Tsarin aikinsa ɗaya ne kullum. Da safe ya shiga daji da raga da kwalabe da allurai, da rana ya dawo ya busar da abin da ya samo, ya rubuta wa kowane ƙwaro wurin da aka kama shi da ranar da halin da aka same shi. Mutanen ƙasar sun taimaka masa ƙwarai: su ne matuƙan kwalekwalensa, su ne masu nuna masa hanya, yara da mafarauta kuma suna kawo masa abin da suka tsinta. Wannan rubuta wuri da ya riƙa yi, wanda yawancin masu tara ƙwari na zamaninsa ba su damu da shi ba, shi ne daga baya ya zama ginshiƙin hujjarsa.

Wallace ya kama hanyar gida a 1852, jirgin da ya ɗauko shi ya kama wuta a tsakiyar teku, tarin da ke tare da shi ya ƙone. Bates ya ci gaba har ya kai São Paulo de Olivença, kusa da iyakar Peru, inda zazzaɓi ya karya masa jiki ya hana shi cika burinsa na kaiwa gindin duwatsun Andes. A watan Yuni na 1859 ya bar Birazil, ya rarraba kayansa a jirage uku saboda abin da ya sami abokinsa. Jimillar abin da ya tara jinsuna 14,712 ne, galibinsu ƙwari, kuma kimanin 8,000 daga ciki masana a Turai ba su taɓa saninsu ba.

4.0 Abin da Ya Gani

4.1 Tsutsa Mai Kamar Maciji

Wata rana yana duba ganyen wata itaciya, sai wani abu ya miƙo daga cikin ganyen ya firgita shi, domin ya ɗauka ƙaramin maciji ne. Da ya natsu sai ya ga wata ƙatuwar tsutsa ce. Tana iya kumbura gaɓoɓi uku da ke bayan kanta yadda za su yi faɗi kamar kan maciji, a kowane gefe kuma akwai babban baƙin ɗigo mai kamar ƙwayar ido. Ya lura cewa macijin da take kama da shi mai dafi ne, irin dangin kububuwa, domin har ƙananan ƙafafunta da take naɗewa suna ba da siffar ɓawon kan irin wannan maciji. Ya ɗauke ta ya kai ƙauyen da yake zaune, duk wanda ya nuna wa sai ya ja da baya. Tsutsar ta mutu kafin ta rikiɗe, saboda haka bai san wane ƙwaro za ta zama ba. Masana na baya sun san irin wannan siffa a tsutsotsin wani dangi na malam-buɗe-littafin dare. Darasin da ke ciki a fili yake: idan mutum mai hankali ya razana, ƙaramin tsuntsun da ke leƙa ganye yana neman abinci ba zai tsaya tantancewa ba, domin kuskure ɗaya a gaban maciji na gaske ya ishe shi.

4.2 Baƙo a Cikin Garke

Babbar hujjarsa ta fito ne daga manyan malam-buɗe-littafi. A inuwar dajin akwai wasu da ake kira Ithomia da danginsu, masu dogayen fukafukai da launi mai ɗaukar ido. Suna da yawa, suna tashi a hankali cikin garke, suna da wani wari, kuma bai ga tsuntsaye ko ƙadangaru suna damun su ba, alhali kama su ba wuya. Daga nan ya fahimci cewa ba su da daɗin ci. A cikin garken nasu kuwa yakan kama wani wanda a sama ba ya iya bambanta shi da su, sai ya kawo gida ya duba ƙafafu da jijiyoyin fukafuki ya ga ashe daga wani dangi ne dabam, dangin farare, wanda a lokacin ake kira Leptalis, yanzu kuma Dismorphia. 'Yan'uwan wannan baƙo na jini farare ne, tsuntsaye suna cin su, amma shi ya bar kamar gidansu ya ɗauki ta maƙwabta.

Abu biyu suka ƙara ɗaure masa kai. Na farko, masu aron kamar ba su da yawa idan aka gwada da waɗanda suke kwaikwayo. Na biyu, idan ya yi tafiya mai nisa a kogin ya isa yankin da launin Ithomia ya sauya, sai ya tarar launin Leptalis na wurin shi ma ya sauya ya bi shi. Da iska ko ƙasa ko abinci ne suke rina su, da sauran ƙwarin wurin ma sun rinu, kuma da bai kamata kamar ta bi jinsi guda tak ba.

5.0 Komawa Gida da Bayanin Aron Kama

Bates ya iso Ingila yana ɗan shekara 34, jikinsa ya raunana, ya koma Leicester. A watan Nuwamba na wannan shekara ta 1859 Charles Darwin ya fitar da littafinsa a kan asalin jinsunan halittu, wanda ya kawo ra'ayin cewa a cikin 'ya'yan kowace halitta akwai 'yan bambance-bambance, kuma waɗanda bambancinsu ya taimake su su ne suke rayuwa su hayayyafa. Bates ya ga wannan ra'ayi ya dace da abin da ke cikin akwatunansa. A watan Nuwamba na 1861 aka karanta maƙalarsa a gaban ƙungiyar Linnean ta Landan, aka buga ta a 1862.

Bayaninsa shi ne, tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ƙwaro mai ɗaci yakan riƙe launinsa ya guje shi, kamar yadda Hausawa suke cewa wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A cikin 'ya'yan ƙwaro mai daɗin ci, wanda ya ɗan yi kama da mai ɗacin yakan tsira fiye da 'yan'uwansa, ya haifi masu kama da shi. Tsuntsaye suna tsince waɗanda kamarsu ba ta cika ba, zuriya bayan zuriya, har a wayi gari kamar ta yi daidai. Ke nan idon mai farauta ne yake gyara zanen, ƙwaron bai san ana yi ba. Wannan ya kuma bayyana dalilin ƙarancin masu aron kama. Idan suka yi yawa, tsuntsu zai riƙa dacewa da mai daɗi a yawancin lokaci, sai ya daina tsoron launin, kariyar ta rushe.

Darwin ya yi murna da maƙalar, ya rubuta sharhi a kanta a 1863, ya kuma shigar da bayanin cikin bugu na 4 na littafinsa a 1866. Wasu masanan zamanin ba su yarda ba, suna ganin kamar dacewa ce kawai, ko tasirin yanayin wuri. Suna da abin riƙewa guda: Bates bai gwada ciyar da tsuntsaye da waɗannan ƙwari ba, abin da ya gani da ido da abin da hankali ya ba shi ya kawo. Da ƙarfafawar Darwin ya rubuta labarin tafiyarsa, The Naturalist on the River Amazons, wanda John Murray ya buga cikin juzu'i 2 a 1863, ya kuma sami karɓuwa sosai.

5.1 Tambayar da Ta Gagare Shi

Tsutsa ta sake shigowa rayuwarsa a watan Fabrairu na 1867. Darwin yana ganin kyawun launin manyan malam-buɗe-littafi yana da alaƙa da neman abokin barbara, amma tsutsa ba ta barbara, to me ya sa wasu tsutsotsi suke da launi mai ƙyalli da zai tona musu asiri? Bates da kansa ya ba shi labarin wata da ya gani a Kudancin Amurka, mai tsawon kusan inci 4, mai zane baƙi da rawaya, kanta da ƙafafunta da wutsiyarta ja wur, tana zaune a kan koren ganye inda kowane tsuntsu zai hango ta. Da Darwin ya tambaye shi dalili, Bates bai ƙirƙiro amsa ba, ya tura shi wurin Wallace.

Wallace ya amsa cewa fatar tsutsa tana da taushi, sara ɗaya na bakin tsuntsu ya isa ya kashe ta, saboda haka ɗaci kaɗai ba zai cece ta ba idan sai an ɗanɗana za a sani. Tana buƙatar alamar da za a gani daga nesa. Ya ce idan hakan gaskiya ne, tsuntsaye za su ƙi tsutsotsi masu launi su ci masu sajewa da ganye. John Jenner Weir ya gwada da tsuntsayen da yake kiwo, ya fitar da sakamakon a 1869: sun cinye koraye da masu kamar tsinke, sun bar masu ƙyalli da masu gashi. Wannan amsa ta cike gurbin da ke cikin bayanin Bates, domin sai da launin gargaɗi na gaskiya ya kafu a idon tsuntsu sannan mai aro zai sami abin ara.

6.0 Sauran Rayuwarsa

A 1863 ya auri Sarah Ann Mason, 'yar garinsu. Ya nemi aiki a sashen dabbobi na babban gidan adana kayan tarihi na Birtaniya, aka ba wani matashi marubucin waƙoƙi mai suna Arthur O'Shaughnessy, wanda bai kama ƙafarsa a sanin ƙwari ba. A 1864 ya zama mataimakin sakatare na ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila, ya riƙe wannan muƙami har ƙarshen rayuwarsa, yana tace mujallarta yana kuma shirya tafiye-tafiyen masu bincike. Zamanin ya zo daidai da rububin Turawa a kan Afirka. Cikin matafiyan da ƙungiyar ta tura gabashin Afirka a lokacinsa akwai Joseph Thomson, wanda daga baya, a 1885, ya zo Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin George Goldie yana neman yarjejeniya. Bates bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba, amma ofishin da ya yi wa aiki yana cikin wuraren da aka tara sanin ƙasa da mulkin mallaka ya amfana da shi.

Bai sake komawa Amazon ba. Ya sayar da tarin malam-buɗe-littafinsa ga masana biyu, Godman da Salvin, ya koma kan dangin buzuzu da ya fara da su tun yana yaro, yana nazarinsu da dare bayan ya tashi daga ofis. Ya shugabanci ƙungiyar masana ƙwari ta Landan a 1868 da 1869, da kuma 1878, aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila a 1881. Ya mutu a Landan ranar 16 ga Fabrairu, 1892, sakamakon ciwon ƙirji, yana da shekara 67.

Bayaninsa ya ci gaba da samun gyara da ƙari. A 1869 Roland Trimen ya nuna irin wannan aron kama a wani malam-buɗe-littafin Afirka, Papilio dardanus, wanda matansa suke ɗaukar kamanni dabam-dabam. A 1878 Fritz Müller, Bajamushe mazaunin Birazil, ya warware abin da ya rage wa Bates a duhu, wato dalilin da ya sa masu ɗaci biyu suke kama da juna: idan launinsu ɗaya ne, sun raba asarar da ake yi kafin kowane sabon tsuntsu ya koyi darasi. Gwajin da Bates bai yi ba kuwa Jane Van Zandt Brower ta yi shi a Amurka a 1958, inda tsuntsayen da suka ɗanɗana mai ɗaci suka ƙi taɓa mai kama da shi. Har fannin likitanci abin ya taɓa. Likita Cyril Clarke na Liverpool da abokinsa Philip Sheppard sun yi nazarin yadda ake gadon launi a Papilio dardanus, wannan ya ja hankalinsu ga gadon rukunin jini na Rhesus, suka kasance cikin waɗanda suka samar da allurar da ke kare jarirai daga rashin jituwar jininsu da na uwa a shekarun 1960.

7.0 Bayanin Bates a Ƙasar Gidan Goga

Tsutsar tumfafiya da aka ambata a farko ita ce ke zama Danaus chrysippus, malam-buɗe-littafin nan mai launin ruwan goro da baƙin bakin fukafuki mai ɗige-ɗigen fari, wanda a Afirka ta Yamma fukafukansa na baya suke da fari. Tsutsar tana cin ganyen tumfafiya ta adana gubarsa a jikinta, irin gubar da ke taɓa zuciya ta sa tsuntsu amai, kuma tana iya bin ta har bayan ta rikiɗe. Zanenta fari da baƙi da rawaya launin gargaɗi ne irin wanda Wallace ya bayyana. Shi ya sa babban ma yake tashi a hankali, kamar Ithomia na Amazon.

Mai aron kamarsa shi ne Hypolimnas misippus, wanda tsutsarsa take cin ciyayi irin su fasa-ƙaba. Namijinsa baƙi ne mai manyan fararen tabo da shuɗi-shuɗi ya kewaye, macen kuwa ta ɗauki launin na tumfafiya har mai kallo ya rantse su ɗaya ne, kuma ba zai taɓa zaton ita da namijin jinsi guda ba ne. Masana suna danganta wannan da cewa mace ce take ɗauke da ƙwai, tana jinkiri a kan ciyawa tana neman wurin ajiye su, don haka ta fi buƙatar kariya. Wannan shi ne ainihin abin da Bates ya bayyana.

Na uku shi ne Papilio demodocus na lemu, wanda tsutsarsa take sauya dabara da girma. Tana ƙarama tana kama da kashin tsuntsu, tana zaune a saman ganye a fili. Idan ta girma har ta wuce girman kashin tsuntsu, sai ta saɓule fata ta koma koriya ta saje da ganye. In an taɓa ta takan fitar da wani tsiro mai reshe biyu daga bayan kanta, mai launin ja-ja da wari mai ƙarfi, wanda ake kwatanta shi da harshen maciji. Sanin wannan yana da amfani ga mai lambu a yankin madatsar Bakolori, domin tsutsar tana iya cinye ganyen ƙaramin dashen lemu. Wanda ya san cewa abin da yake gani ba kashin tsuntsu ba ne zai tsince ta da hannu tun tana ƙarama, ba sai ya yi feshin da zai kashe zuma da sauran ƙwari masu amfani ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Bates ya kai ga bayaninsa ne ta hanyar daɗewa a wuri guda, da duban ƙwaro da kyau, da rubuta inda aka same shi, kuma ya yi haka ba tare da digiri ko dukiya ba. Ta nuna yadda Wallace da Müller da na bayansu suka cike abin da ya bari, da yadda dabaru uku na tsutsa, wato sajewa da gargaɗi da aron kama, suke da misalai a ƙasar Zamfara. Matsalar tsaro ta sa shiga daji ya yi wuya a Maradun da maƙwabtanta, amma tumfafiya da fasa-ƙaba da lemu suna cikin gari. Ɗalibin aikin gona a Bakura ko na kimiyya a Talata Mafara yana iya ƙirga yawan na tumfafiya da masu aron kamarsa daga damina zuwa rani, ya ga ko ƙa'idar ƙarancin mai aro ta tabbata a nan. Ɗalibin Hausa kuma yana da nasa aikin, domin sunan malam-buɗe-littafi guda ɗaya ya haɗe jinsuna masu yawa, kuma sunayen da manoma da makiyaya da mafarauta suke bambanta tsutsotsi da su suna buƙatar a tattara su a rubuce tun masu saninsu suna raye.